Har Yaushe Ya Ubangiji? Musayar Baitoci Kan Jiran Amsar Addu'a

'Yar zumunta daga Zonkwa:

Salama 'yan'uwa cikin Ubangiji, ni 'yar zumuntar matan coci ce. Ni ba gwanar waƙa bace amma abin ya cika min ciki, aurena ya daɗe haihuwa shiru, addu'a kuwa babu irin wadda ban yi ba. Dan Allah kada wani yace min mai haƙuri shi kan dafa dutse, naji wannan har kunnena ya gaji, ku amsa min da abinda zan iya riƙewa.

Ya Ubangiji ga ni na zo,
Ba ni da ƙarfi ba ni da ƙwazo,
Hawaye sun sa idona hazo,
Ban ga amsa ba, ban ga manzo,
Har yaushe zan zauna ina jira?

Na yi azumi na kwana a coci,
Na hana kaina ruwa da abinci,
Dangin miji sun sa ni a ƙunci,
Gori da safe, da dare cin mutunci,
Wai wata za su kawo masa daga karkara.

Ƙannen da na goya a baya,
Yau su ke goyo, ni ko sai kunya,
Ranar suna in je in taya,
In dafa in raba in dawo ni ɗaya,
In rufe ƙofa kukana ya fara.

Ɗan kwaya daga Jos:

Kai anti, ni mawaƙin coci ne, wannan ya taɓa ni sosai. Bari in mayar miki tun da zafinsa.

Anti ki share hawaye ki zauna,
Allahn Hannatu Allah ne mai ƙauna,
Ta sha gori a hannun Feninna,
A Shilo leɓe na motsi babu magana,
Har Eli ya ce ta bugu ta je ta gyara.

Sai ga Sama'ila ya zo duniya,
Bayansa biyar suka biyo hanya,
Uku maza, biyu mata, duk 'ya'ya,
Ni na faɗa miki da bangaskiya,
Baɗi war haka goyo za ki ɗaura.

Ki karɓa da Amin mai ƙarfi anti!

Mama daga Wusasa:

Ɗana Allah ya yi maka albarka, zuciyarka mai kyau ce, amma wa ya aike ka da baɗi war haka? Wannan maganar Ubangiji ne da kansa ya faɗa wa Ibrahim a Farawa 18, kuma ka lissafa, Ibrahim na da shekara 75 ya bar Haran, yana da 100 aka haifi Ishaku, Saratu na da 90, shekara 25 kenan ana zaune da alkawari a hannu babu jariri a ɗaki. Na ga mata da yawa da aka yanka musu wata a taron addu'a, watan ya zo ya wuce, daga nan wasu ko ƙofar coci basu sake takawa ba.

Ɗana na ji daɗin baitinka,
Amma ranar ba ta hannunka,
In baɗi ta wuce ba a ga zancenka,
Wa za ta tuhuma, kai ko Allahnka?
Ciwo kan ciwo kenan ka ƙara.

Ibrahim ya bar Haran da alkawari,
Ya yi ta zaman tanti gari-gari,
Saratu ta gaji ta kawo nata tsari,
Ta ba shi baiwarta don a yi da wuri,
Ƙarshenta sai da aka kori Hajara.

Ke kuma 'yata:

Kukan nan naki ba zunubi ba ne,
Dauda ma ya yi, a Zabura 13 ne,
Har yaushe sau 4, ki duba haka ne,
Mai tambayar nan ai mai bangaskiya ne,
Wanda ya fid da rai ba ya ko kira.

Baba manomi daga wajen Maraɗi:

Gaisuwa daga Nijar. Jikana ne ke rubuta min, ni ina faɗa. Mu nan in ruwa ya yi jinkiri mukan yi binne, a zuba hatsi cikin busasshiyar ƙasa a rufe a koma gida, ba hadari ba komai.

Ɗiyata ji daga mai noman gero,
Mukan yi binne rana na horo,
Iri na ƙasa zuciya na tsoro,
Ko zabo ya tone ko ɓera ya zaro,
Amma wanda bai zuba ba me zai tara?

Manzo Yakubu ya san aikin gona,
Sura 5 aya 7 ya nuna,
Ruwan fari da na ƙarshen damina,
Manomi na jira amma ba ya kwana,
Yana gyaran hauya, yana sassabe da shara.

Iliya a Karmel ya durƙusa,
Kai tsakanin gwiwa, fuska a ƙasa,
Ya aiki yaronsa ya hango nesa,
Yana ta dawowa babu amsa,
A na 7 ɗan girgije ya fito, ruwa ya kwarara.

Gaskiya kuma akwai shekarar da ɗan yayyafi zai taɓa binnen ya tsiro ya ƙone, sai an sake shuka, wani lokaci ma irin sai an ranto. Ban taɓa ganin manomin da ya sayar da gonarsa don wannan ba.

Ɗan kwaya daga Jos:

Mama da Baba na gode, na ji kuma na rusuna. Amma akwai abinda ke damuna, idan muka cika cewa wataƙila wataƙila, ina bangaskiyar take?

Mama na ji, ban ƙi taku ba,
Amma Markus 11:24 bai goge ba,
Yesu bai ce mu roƙa da shakka ba,
Gwauruwar Luka 18 ba ta bar alƙali ya huta ba,
Sai da ya tashi ya saurari ƙara.

Daniyel ya yi makoki sati uku,
Mala'ika ya ce tun ran farko an ji ku,
To me zai sa mu sassauta roƙonku?
Ni dai ina nan a gwiwa dominku,
Har sai anti ta zo shaida da guɗa da ƙara.

Wani ɗan'uwa daga kudancin Borno:

Ƙanena naci daidai ne, ka ci gaba da shi kar ka bari. Amma ni daga inda na fito ba za ka iya cewa mutane duk wanda bai samu ba bangaskiyarsa ce ta yi kaɗan, za su dube ka kawai. A watan Afrilu 2014 aka kwashe 'yan mata 276 a makarantar Chibok, yawancinsu 'ya'yan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ne, an yi azumi an yi addu'ar dare a ƙasar nan da wajenta, wasu sun tsere wasu an sako su, har yau akwai waɗanda ba su dawo ba, fiye da shekara 10.

Iyayen Chibok ka tuna da su,
Tun 2014 suke kiran 'ya'yansu,
Wasu sun dawo an rungume su,
Wasu iyayen har aka rufe su,
Suna kallon hanya suna kan jira.

Bulus sau 3 ya roƙa a cire ƙaya,
Aka ce alherina ya ishe ka tafiya,
A Getsamani Yesu ya roƙi wata hanya,
Ƙoƙon bai wuce ba, ya sha wuya,
Sai rana ta 3 dutsen kabari ya gangara.

Ibraniyawa 11 ka kai ƙarshenta,
Wasu sun rufe bakin zaki sun kuɓuta,
Wasu an jajjefe su babu mafita,
Duka bangaskiyarsu Allah ya shaida ta,
Bai ce ta wani ta cika ta wani da saura.

Ni abinda na gani da idona shi ne mutanen da aka ƙona musu majami'a aka kore su daga garinsu, ran Lahadi ta zo suka shimfiɗa buhu a ƙarƙashin bishiya a sansanin gudun hijira suka yi sujada, matan zumunta na kaɗa tulu suna hawaye. Ba a basu abinda suka roƙa ba a lokacin, kuma basu daina zuwa ba.

Nas daga Kaltungo:

Amin yaya, Allah ya ta'azantar da su. 'Yar'uwa ta Zonkwa bari in shigo ta ɓangaren aikina don kullum ina ganin irin wannan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a 2023 cewa kusan mutum 1 cikin 6 na manya na fuskantar matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsu, to ba ke kaɗai bace kuma ba la'ana bace. Abinda ke ɓata min rai shi ne mace ce kullum ake turowa asibiti ita kaɗai da kati a hannu, maigida na gida wai shi lafiyarsa lau.

Haƙuri bai hana neman magani,
Hezekiya ya yi kuka Allah ya gani,
Shekara 15 aka ƙara masa, ku ji ni,
Duk da haka ɓaure aka ɗora kan marurun, ki sani,
Addu'a ba ta faɗa da allura.

Ki kama hannun maigida ku je tare,
Kar a bar mace ita kaɗai a ware,
Sau da yawa ta wajen namiji abin ya ɗaure,
Gwajinsa da sauƙi, nan da nan an ƙare,
Ku bar masu sayar da mai a kwalba da gora.

'Yar zumunta daga Zonkwa:

Nagode muku duka, na karanta ina kuka. Yaya na Borno maganarku ta yi min nauyi amma ita ce ta fi zauna min, don tambayar da nake tsoron yi kenan ko a gaban fasto.

Yaya in har amsar a'a ce,
In na tsufa ɗakina shiru ne a zauce,
Shin wani laifi ne na yi a ɓoye na mance?
Ko sunana ne a littafinsa aka kauce?
Ku faɗa min gaskiya ko da za ta yi ɗaci, zan jura.

Mama daga Wusasa:

A'a 'yata, wannan tunanin ki ajiye shi yau ɗin nan. Buɗe Luka sura 1 aya 6 da 7 ki karanta da bakinki.

Zakariya da Alisabatu masu adalci,
Littafi ya ce ba su da aibu ko ha'inci,
Amma gidansu ba ɗa, sun sha ɗaci,
Har tsufa ya zo ya same su a ƙunci,
To wane zunubi za a ce sun tara?

Ba zan ce miki baɗi ba, ban sani ba,
Ba zan ce miki babu ba, ban isa ba,
Abin da na sani bai yashe ki ba,
Jinin da ya saye ki bai rage daraja ba,
Ko da goyo ko babu ke 'yarsa ce, ki saurara.

Kuma ranar zumunta kada ki koma bencin baya kina ɓuya, ki zauna inda kika saba ki ɗauki waƙa, yaran Sande Sukul ɗin da kike koyarwa ma suna bukatarki.

'Yar zumunta daga Zonkwa:

Toh Mama na ji, zan yi. Sai dai zancen asibitin nan, maigidana mutumin kirki ne bai taɓa zagina ba amma idan 'yan'uwansa suna magana shiru yake yi, kuma ban san ta inda zan fara ce masa mu je a gwada mu tare ba. Baba na Maraɗi ku ne maza, me zan ce masa?

Baba manomi daga wajen Maraɗi:

Ɗiyata ba ke za ki faɗa ba, ni zan faɗa masa, ki miƙa masa wayar bayan ya ci tuwo ya huta. Farawa 25, Ishaku na da shekara 40 ya auri Rifkatu, yana da 60 aka haifi tagwaye, shekara 20 kenan, kuma Littafi ya ce shi ne ya roƙi Ubangiji saboda matarsa.

Ɗana maigida ga saƙon tsoho,
Shirunka a gaban dangi ya zama ƙaho,
Yana sukar matarka kana cewa oho,
Ka tashi ka tsaya tun ba a kai ga ihu da wohoho,
Ran aure kai ka ce da daɗi da wuya za ka jura.

Ishaku bai nemo wata a gefe ba,
Bai bar Rifkatu ta yi kuka ita ɗaya ba,
Shekara 20 bai saki roƙo ba,
Zuwa gwaji bai rage wa namiji girma ba,
Ka riƙe hannunta ku je, ku durƙusa, ku jira.

In ya karanta yana da magana ya mayar min da baiti ko ya sa a kira ni, jikana na da waya.