Motar wa ce gwangwani?

Mai MR2: Salamu alaikum 'yan majalisa. Raina a ɓace yake. Motata Toyota MR2 ce 'yar 1991, mai inji a bayan kujeru, na sa aka cire bamba da fenda aka ɗora mata bodin faiba, wato na roba mai zaren gilashi, mai siffar Ferrari F355. Jiya a Titin Gidan Zoo ɗan adaidaita ya gogi bambar baya, ta tsage wajen taki guda. Na kai wa fanel bita, ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa ya ce shi ba ya ɗinkin bokiti. Alhali faiba ba ta tsatsa, ba ta da nauyi. Mu dai a Kano ba mu san darajar komai ba sai gwangwani.

Fanel bita na Ƙofar Ruwa: Yallaɓai, me ka kira gwangwani? Ƙarfen da muke ciyar da iyali da shi? Ƙarfe in ya lotsa, guduma ta miƙar da shi. Naka fa?

Baba mai Fijo: Yaro, 504 ɗina haɗin Kaduna ce, kamfanin da ya fara aiki tun 1975. Ta je Maiduguri ta dawo ba adadi. Ita ce gwangwanin?

Mai MR2: Baba, Allah ya huci zuciyarka, ba da kai nake ba.

Baba mai Fijo: To da wa kake?

Ɗan jami'a: Ku tsaya. Corvette ta Amurka tun 1953 da bodin faiba ta fito. Gyaran ma ba wuya: a goge bakin tsagar da samfefa, a shimfiɗa zaren gilashi ta ciki, a shafe shi da rezin, wani irin ruwan gam, da aka gauraya da hadna mai sa shi tauri, in ya bushe a sake gogewa a yi fenti. Sai dai a sa safar hannu da takunkumi, ƙurarsa ƙaiƙayi gare ta.

Fanel bita: Ƙanena, karatu daban, aiki daban. Mai MR2 ya janye kalmar gwangwani tukuna.

Dillalin motoci: Ni abin da ya ɗaure min kai, ƙarƙashin faibar nan mene ne? Ba ƙarfen Toyota ba ne? Ashe kai ma gwangwanin kake ja, riga kawai ka sa masa. F355 silinda 8 gare ta, taka 4.

Ɗan jami'a: Oga, kai da ka sayar wa yayana Honda mai shan baƙin mai, har kana da bakin magana?

Dillali: Yayanka bai san juye ba, shi ya kashe ta. Honda ba ta da laifi.

Wani direba: Honda a ramukan damina? Ƙafarta ta gaba sai addu'a. Toyota ko ba komai.

Dillali: Kawo shaida.

Direba: Tambayi kowane makanike a garin nan.

Shugaban majalisa: Jama'a, ya isa. Abin da aka cimma: ƙarfe ya fi, dattawa sun faɗa, masu sana'a sun tabbatar. Mai MR2 ya ba Baba da fanel bita haƙuri. Zancen Corvette kuwa na Amurka ne, bai shafe mu ba.

Ɗan jami'a: Ranka ya daɗe, wa ya cimma? Kowa ya san fanel bitan nan surukinka ne.