Tuffa na zubar da ganye ba alamar cuta: in ƙara taki ko in sayi ragar inuwa?

Mai Lambu Wamakko: Assalamu alaikum. Ina da tuffa 40 irin Anna, shekararsu 2, a jigawa. Tun shigowar Afrilu ganye ke zuba, daga gindin reshe yake farawa ya haura. Ba tabo, ba ruɓa, sai dai tsakanin jijiyoyin ganyen ya yi ɗorawa, jijiyar tana nan kore. Bokiti ɗaya nake ba kowace kullum. Mai shagon magani ya ce in zuba yuriya. Kuɗin abu ɗaya gare ni: taki ko raga?

Ɗan Filato: Wa alaikumus salam. Tuffa dama tana kaɗe ganye da hunturu ta huta. Ka ƙyale ta.

Malamin Gona: Afrilu ya ce, ɗan'uwa, ba Disamba ba. Alhaji, kada ka zuba yuriya a wannan zafin, saiwa za ta ƙone. Ɗorawa tsakanin jijiya a tsohon ganye alamar ƙarancin maganiziyam ce. Rairayi ba ya riƙe shi, ban ruwa na wanke shi, kuma yawan NPK da toka na ƙara fotash, wanda ke hana saiwa ɗaukarsa. Nemi gishirin Epsom mai ɗauke da maganiziyam, giram 160 a famfon feshi mai lita 16. Ka fesa da sanyin asuba, sau 3, kwana 14 tsakani. Fara da bishiya 2, ka ba su kwana 3 ka gani. Ganyen da ya riga ya yi ɗorawa ba ya dawowa, sabon toho za ka duba.

Maman Lambu: Malam, ban ruwan ma da gyara. Bokiti ɗaya sama kawai yake jiƙawa, rana ta shanye. Ka yi wa kowace gurbin ruwa mai faɗin inuwarta, ka zuba lita 40 zuwa 50 duk kwana 2. Ka shimfiɗa buntun shinkafa kaurin yatsu 4, amma ka bar taƙi ɗaya tsakaninsa da gindi saboda gara. Kafin ka ƙara ruwa ka tona da hannu: in ƙasar na dunƙuluwa, jira. Ruwan da ya kwanta ma yana zubar da ganye.

Baban Goronyo: Ku tambaye shi famfon da yake feshi da shi. Lambun da ke jikin nawa, yaro ya fesa maganin kashe ciyawa, bai wanke famfo ba, washegari ya zuba maganin ƙwari ya bi tuffa da tsakar rana. Cikin mako ɗaya ganye ya ƙone ya zube, wahalar shekara 3 ta tafi, ko tsaba ɗaya mai lambun bai ɗanɗana ba. Famfon ciyawa daban, na itace daban, a sa masa jan fenti. Maganin farar wuta ma, in zafi ya haura digiri 30 yana ƙona ganye, mu kuwa yanzu 40 muke wucewa.

Mai Lambu Wamakko: Allah ya mayar masa da alheri, Baba. Famfona ɗaya ne gaskiya. Ragar fa, nawa take?

Ɗan Filato: Naira dubu 90 naɗi ɗaya.

Maman Lambu: Ina? Dubu 150 aka ce mini, mai tare kashi 50 na hasken rana. Wataƙila ta gidan sauro aka nuna maka.

Sarkin Ban Dariya: Ku fara binciken akuya tukuna, ita ba ta jiran ganye ya yi ɗorawa.

Ɗan Filato: Mu da muke noman tuffa a Jos ai mu ya kamata a saurara.

Baban Goronyo: Sanyin Jos daban, ranar Sakkwato daban, yaro. A wanga wuri sai ka shafa wa gindi farar ƙasa, ka dasa darbejiya nesa kaɗan ta gabas ta tare iska, in ba haka ba ɓawo ya tsage.

Malamin Gona: Alhaji, duba gindin ma, taƙi ɗaya daga ƙasa. Akwai kumburin aure, wato wurin da aka haɗa reshen Anna da gindin wata tuffa? Masu dashe da yawa tsaba suke shukawa su kira ta Anna.

Maman Lambu: Nan fa ake cutarmu! Dashe dubu 8, ba aure, ba rasit, ka kira lamba a kashe.

Baban Goronyo: Dubu 8? A nan dubu 15 suka karɓa, har da rantsuwar za ta yi 'ya'ya cikin wata 9.