Tsakin masarar dutse da aka kawo mini tsaraba a Jojiya, yaya zan dafa shi?

Maman Sadiƙ:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Taimako nake nema, musamman daga iyayenmu da suka tashi a gidan da ake niƙa a dutse.

Shekararmu biyu ke nan a jihar Jojiya ta Amurka, wani gari kusa da Atlanta, inda maigida yake aiki. Mutanen kudancin ƙasar nan suna da wani abinci da suke ji da shi ƙwarai, sunansa girits. Tsakin masara ne ake dafawa ya yi kauri, ya wuce kunu bai kai tuwo ba, a ci da safe da man shanu da ƙwai. Har dokar jiha aka yi a 2002 da ta sa shi cikin abincin da Jojiya ke tinƙaho da su. Na kanti na saba saye, fari fat, mai laushi, wanda minti biyar ya ishe shi, kuma ban taɓa jin ɗanɗanon komai a cikinsa ba. Yara ne kawai ke sha da madara.

To makon jiya maƙwabciyata, wata dattijuwa baƙar fata da ta ɗauki yarana kamar jikokinta, ta je ganin dangi can arewacin jihar cikin duwatsu, ta dawo mini da tsaraba a 'yar jakar yadi. Ta ce niƙan dutse ne, daga wani tsohon gidan niƙa da ruwan rafi ke juya duwatsunsa. Ina kwance bakin jakar na kai hanci, wallahi sai da na nemi wuri na zauna. Ƙanshin ɗakin kakata ne a Soba. Na gan ta a durƙushe gaban dutse bayan sallar asuba, faifai a ƙasa yana tarar abin da ke zubowa, tana 'yar waƙarta ƙasa-ƙasa, ni kuma ina tsugune ina korar kaji. Shekararta tara da rasuwa, Allah ya jiƙanta.

Sai dai girkin bai yi ba. Na zuba kofi ɗaya cikin ruwa kofi uku, na ba shi minti goma. Ƙasa ya kama, tsakiya duk gudaji, abin da ya rage kuma garas-garas a haƙori kamar an zuba yashi. Ga wasu 'yan ɓawo suna yawo a saman ruwan. Maigida ya yi cokali biyu ya ce Allah ya yi albarka, ya tashi. Ina jin nauyin komawa in tambayi baiwar Allahn nan bayan irin godiyar da na yi mata. Ina na yi kuskure? 'Yan ɓawon nan datti ne? Kuma zai yi fate? Don faten ne raina yake so.

Hajiya Babba, Tudun Wada Zariya:

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya jiƙan kakarki, ya sa tana Aljanna. Tsakinki lafiyarsa lau, gaggawa kika yi masa. Abin da dutse ya ɓarza ba ya fitowa kai ɗaya, akwai manya, akwai ƙanana, akwai gari, kowanne da lokacin nunarsa. Minti goma ko garin cikinsa bai gama nuna ba.

Abin da kika gani yana yawo dusa ce. Mu nan surfe muke fara yi a turmi, a bakace, a wanke, a shanya, sannan a kai ga dutse, amma duk da haka ba a rasa ragowa. Ki zuba tsakin a kwano, ki cika da ruwan sanyi, ki juya da hannu ki bar shi ya kwanta. Dusar za ta taso, sai ki tsiyaye a hankali. In da hali ki jiƙa shi tun dare.

Fate kuwa, ai kin zo gidansa. Ki soya albasa da tattasai da attaruhu a manja, ki sa daddawa, ki tsaida ruwa da yawa, fiye da yadda idonki ke gaya miki. In da wake za ki yi, shi za ki fara sawa ya yi laushi. Ruwa na tafasa ki riƙa barbaɗa tsakin da hannun hagu kina juyawa da dama, kada ki juye shi gaba ɗaya, nan ne gudaji ke samo asali. Ki rage wuta. Sai kin matsa ƙwaya tsakanin yatsu kin ji ta baje sannan dakakkiyar gyaɗa ta shiga, ganye kuma shi ne na ƙarshe. Rama ko yakuwa, in babu alayyahu. Kuma ki sauke da ɗan ruwa-ruwansa, don fate yana hucewa yana ƙara kauri.

Abu Hafsa, Karolina ta Kudu:

Hajiya ta gama magana, ni awo kawai zan ƙara tunda irin kofinku muke amfani da shi. Na daɗe a birnin Calston da ke bakin teku, kuma nan ba a wasa da girits. Kofi ɗaya na niƙan dutse yana son ruwa kofi huɗu zuwa biyar, da gishiri tun farko, a wuta ƙasa-ƙasa minti 45 zuwa awa guda. In kin jiƙa tun dare, lokacin zai ragu sosai. Tukunya mai kaurin gindi, a rufe, duk bayan 'yan mintoci ki buɗe ki kankare ƙasan da cokalin katako. Ki ajiye ruwan zafi a gefe don ƙari.

Abin da ya fi muhimmanci, 'yar uwa: yau ɗin nan ki sa jakar a firiza. Na kanti an cire masa idon ƙwayar, wurin da tsiro ke fitowa, don ya daɗe a kan kanta bai lalace ba. Niƙan dutse da idonsa ake niƙa shi, kuma a nan man masarar yake. Shi ne ƙanshin da kika ji. Shi ne kuma ke sa ya yi warin tsohon mai da ɗaci in ya kwana biyu a ɗaki mai ɗumi. Na yi asarar jaka guda haka a zuwana na farko.

Asalin abincin daga mutanen ƙasar na farko ne, irin su ƙabilar Muskogi, tun kafin Turawa su zo. Akwai ma wani nau'i da ake fara dafa masarar da ruwan toka ko makamancinsa kafin a ɓarza, suna ce masa homini, wanda duk Bahaushen da ya san aikin toka da kanwa a girki ba zai yi mamakinsa ba. Mutanen gaɓar teku a nan da jatan lande suke cinsa, da ɗan romo mai albasa a kai, kuma yana da daɗi ƙwarai. Amma a kula in an fita waje, sau da yawa da kitsen alade ake soya haɗin. Ki tambaya kafin ki saya.

Ya Falmata, Maiduguri:

Ni dai da ɗan ja a kan wankin. Hajiya ki yi haƙuri, amma in ta yi ta tsiyayewa garin zai bi ruwa, alhali shi ne ke haɗa jikin abin. Sau ɗaya ya isa, ta kwashe dusar da 'yar rariya maimakon zubar da ruwan, ta dafa da ruwan jiƙon. In kuma burabusko ko dambu take so, to nan ne za ta tankaɗe ta ware garin, ta turara manyan kaɗai.

Hajiya Babba:

Kin yi gaskiya Falmata, tunda kaɗan ne gare ta. Mu da muke awo da mudu ne ba ma jin zafin abin da ya bi ruwa.

Maman Sadiƙ:

Na gode, Allah ya saka muku da alheri, ya bar zumunci. Jaka tana firiza tun ranar. Daren Juma'a na jiƙa kofi ɗaya da rabi, na kwashe dusar da rariyar shayi yadda Ya Falmata ta ce. Yakuwa ban samu ba, sai na sa alayyahu na matsa lemon tsami bayan na sauke, gyaɗa kuma niƙaƙƙiyar kwalba marar sukari. Ya ɗauki minti 50, ina tsaye a kansa. Da na matsa ƙwaya ta baje a yatsana kamar yadda kika faɗa, Hajiya, sai da hawaye ya zo mini.

Na zuba a kwano mai murfi na kai wa maƙwabciyata, na kuma faɗa mata gaskiyar abin da ya faru da girkin farko. Ta ci tana shan ruwa saboda attaruhu, amma ta cinye tas, ta ce ita ma mahaifiyarta ba ta taɓa sauke girits kafin awa ba. Ranar Asabar za ta shigo ta nuna mini nasu da man shanu da cuku, ni kuma ta ce in tanadar mata daddawa ta gani da idonta, don ta kasa gane me ke ba da wannan ƙanshin.