Neman kalma: katun na dauri da tashoshin Amurka da suka riƙa nuna su

Mai buɗe zance:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa masu aikin fassara. Ina mayar da wani bayani ne game da tarihin talabijin a Amurka zuwa Hausa, sai na ci karo da jimla guda wadda ta tsayar da ni kwana biyu, domin akwai wasu kalmomi uku na Turanci a cikinta, kowace da tata ƙayar: "independent", da "classic", da "cartoon". Bari in fara shimfiɗa abin da ake magana a kansa, don kada mu zaɓi suna alhali ba mu ga fuskar jaririn ba.

Finafinan da ake nufi su ne gajerun nan na minti shida zuwa bakwai, irin su Popeye da Bugs Bunny da Tom and Jerry, waɗanda kamfanonin Paramount da Warner Bros. da MGM suka fitar tun daga shekarun 1930 domin a haska su a gidajen silima kafin babban fim. Da talabijin ta shiga gidajen mutane, silima kuma ta fara ja baya, sai kamfanonin suka ga gara su sayar da abin da ke jibge a rumbunansu. A 1956 wani kamfani mai suna Associated Artists Productions ya sayi finafinan Popeye da kuma masu launi na Warner Bros. da aka fitar kafin watan Agustan 1948, ya riƙa ba da hayarsu ga tashoshi gari-gari. Waɗanda suka fi cin moriyar wannan ciniki su ne tashoshin da ba su da alaƙa da manyan kamfanoni uku na wancan zamani, wato ABC da CBS da NBC, saboda babu mai aiko musu da shirye-shirye daga Niyok, dole su cika lokacinsu da abin da aljihunsu zai iya saya. KTLA ta Los Anjalas da WPIX ta Niyok da WGN ta Chikago duk sun yi suna a wannan fage. A KTLA, wani ma'aikacin tashar mai suna Tom Hatten yakan sa kayan matuƙan jirgin ruwa ya gabatar da Popeye, yana zane a gaban yara tsakanin fim da fim.

To, yaya za mu kira finafinan, yaya kuma za mu kira tashoshin? Ni dai a daftarina na rubuta "tashoshi masu zaman kansu da ke nuna tsofaffin finafinan yara", amma raina bai kwanta ba.

Wani dattijo, tsohon malamin Hausa:

Wa alaikumus salam. Ɗana, ka yi daidai da ranka bai kwanta ba, domin "finafinan yara" kuskure ne tun daga tushe, kuma kai da kanka ka kawo hujjar. Ba don yara aka yi su ba. An yi su ne domin 'yan kallon silima, manya da ƙanana, har ma a lokacin yaƙin duniya na biyu an yi amfani da wasunsu wajen zaburar da jama'a da yi wa abokan gaba ba'a. Tashoshin da kake magana a kansu su ne suka mayar da su abincin yara, da suka jera su da sassafe kafin tafiya makaranta da kuma bayan an taso. Idan ka ce "finafinan yara" ka binne wannan tarihin gaba ɗaya, ka kuma haɗa su da duk wani fim da mutane na gaske suka fito a ciki domin yara.

Haka nan "fim ɗin 'yan tsana", wanda na sha ji a bakin iyaye mata, bai dace ba. 'Yar tsana aba ce mai jiki wadda ake riƙewa a hannu, kuma akwai finafinan da da 'yan tsana ake yin su, to a bar musu sunansu. Waɗannan kuwa zana su aka yi da hannu a kan wani farin leda mai kauri da ake ganin abin da ke bayansa, a ɗora shi a kan zanen ɗaki ko na daji, a ɗauki hoto, a cire a sa na gaba. Hotuna 24 ne ke wucewa a kowace daƙiƙa, don haka fim na minti bakwai ya haura hoto dubu goma, ko da yake masu zanen kan bar zane ɗaya ya zauna a hoto biyu don rage wahala. Abin da ido yake gani ke nan: zane ne, amma yana motsi. Saboda haka na fi karkata ga "zane mai motsi", jam'insa "zane-zane masu motsi".

Ina sane da abin da za a ce, cewa a rubuce kalmar ta yi kama da zanen ɗaurawa, tun da ba ma nuna tsawon wasali a rubutun yau da kullum. Wani ɗalibina ya taɓa tambayata ko zane mai motsi shi ne wanda aka shanya iska tana kaɗa shi, ajin ya fashe da dariya. Amma ai haka muke zaune da "gari" na mutane da "gari" na tuwo, ba a taɓa jin wanda ya tuƙa birni ba.

Wata 'yar'uwa daga Damagaram:

Allah ya gafarta Malam, na yarda da batun "zane mai motsi", kuma ina da abin da zai ƙara masa ƙarfi. A wajenmu da Faransanci ake kiran abin, kuma ma'anar sunan ita ce zanen da aka sa wa rai. Larabawa su ma "zane-zane masu motsi" suke cewa da harshensu. Ke nan mutumin Nijar da ya yi boko da almajirin da ya yi Larabci duk za su gane kalmar ba tare da an yi musu dogon bayani ba. Mu ma muna da hannu a wannan sana'a, domin Moustapha Alassane na Nijar ya yi irin waɗannan finafinai tun a tsakiyar shekarun 1960, yana cikin na farko-farko a Afirka.

Sai dai ina roƙon kada a kori "katun". Yaron da ke gidanku ba zai taɓa cewa a kunna masa zane mai motsi ba, "katun" zai ce, kuma kalmar da ta kama bakin yara ta riga ta zama 'yar gida, kamar yadda "majigi" ta zama, alhali daga Turanci ta fito a zamanin da Turawan mulki ke yawo da na'urar haska hoto ƙauye-ƙauye. Wani abin sha'awa shi ne, "katun" da "katan" ɗin da ake zuba taliya ko sabulu 'yan uwa ɗaya ne: dukansu daga kalmar Italiyanci suka fito mai nufin takarda mai kauri, irin wadda masu zane ke yin gwaji a kanta. A 1843 ne mujallar Punch ta Landan ta fara amfani da kalmar ga zanen ba'a, daga nan ta bi jarida har ta shiga silima.

Wannan ne ma ya sa nake ganin muna da sa'ar da masu Turanci ba su da ita. Su kalma ɗaya suke ja wa abu biyu, mu kuwa muna da "zanen barkwanci" ga na jarida, wanda 'yan jaridarmu suka daɗe suna amfani da shi, ga kuma "zane mai motsi" ga na allo. Popeye kansa misali ne: a 1929 ya fara fitowa a jarida, sai a 1933 ya koma fim.

Mai buɗe zance:

Na gode Malam, na gode Hajiya. Wannan ta warware: "zane mai motsi" a rubutu, "katun" a inda ake kawo maganar baka. Kun tuna mini da lokacin da muke cincirindo a tagar maƙwabcinmu da la'asar, muna jiran a buɗe tasha, talabijin ɗin baƙi-da-fari ce mai ƙofofin katako da ake zugewa. Babu wanda ya san sunan fim ɗin a cikinmu, "mage da ɓera" kawai muke cewa, kuma duk unguwa an san abin da ake nufi.

Saura tashoshin, kuma nan ne na fi jin tsoron yaudarar mai karatu.

Dattijon:

Tsoronka yana kan hanya. A kunnen ɗan Najeriya, "tasha mai zaman kanta" tana nufin wadda ba ta gwamnati ba, saboda tarihinmu ke nan: talabijin ta fara a Ibadan a 1959 a hannun gwamnatin Jihar Yamma, ta ci gaba a hannun gwamnatoci, sai a 1992 aka yi dokar da ta ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshi, irin su AIT suka biyo baya. A Amurka kuwa ABC da CBS da NBC duk na 'yan kasuwa ne, haka ma tashoshin garuruwa da ke ɗaukar shirye-shiryensu. Idan ka rubuta "masu zaman kansu", mai karatu a Kano zai ɗauka sauran na gwamnati ne, ka ga ka koya masa abin da ba haka yake ba.

Bambancin da ke wurin shi ne na jingina. Akwai tashar da ta ƙulla yarjejeniya da babban kamfani, yana ba ta labarai da wasanni da shirye-shiryen dare, tana ba shi lokaci. Akwai kuma wadda ba ta jingina da kowa ba, ita ke sayo abin da za ta nuna, ita ke neman tallarta. Ta biyun nan Bahaushe yana da sunanta tun kafin a ƙirƙiro talabijin: mai cin gashin kanta. Don haka ka ce "tashar gari mai cin gashin kanta", babban kamfanin kuma ka kira shi "uwar tashoshi", ka bayyana su sau ɗaya a farkon rubutun, daga nan mai karatu zai bi ka. Za ka ga amfanin kalmar idan ka zo ƙarshen labarin, lokacin da sabuwar uwar tashoshi mai suna Fox ta bayyana a 1986, 'yan'uwanta WB da UPN suka biyo baya a 1995, yawancin waɗannan tashoshi suka sami uwa suka daina cin gashin kansu. Ɗan kasuwar talabijin Ted Turner ma da irin wannan tasha ya fara a birnin Atlanta, kafin ya mallaki rumbun finafinan MGM a 1986, ya buɗe Cartoon Network a 1992, tsofaffin finafinan suka koma tashoshin da sai an biya kuɗi ake kallo.

Game da kalmar da ta rage, wato "classic", ina ba ka shawarar "na dauri". "Tsofaffi" tana iya ɗaukar ma'anar abin da ya gaji, "gangariya" kuma yabo ne tsantsa, kuma ba dukansu suka cancanci yabo ba. A 1968 kamfanin United Artists, wanda finafinan Warner Bros. ɗin nan suka koma hannunsa, ya janye guda 11 daga talabijin saboda yadda aka zana baƙar fata a cikinsu cikin wulaƙanci. "Na dauri" tana nuna zamani, tana ɗauke da ɗan ƙamshin girmamawa irin na kayan da aka yi da inganci, amma ba ta rantse a kan kowane ɗaya ba.

'Yar'uwar daga Damagaram:

Malam, "na dauri" ta zauna daram, a wajenmu ma ana faɗinta. Abu ɗaya zan ƙara wa Yaya mai fassara: idan an jera kalmomin duka, jimlar za ta yi nauyi a baki, musamman idan a rediyo za a karanta. A kanun labari "katun na dauri" ta wadatar, a cikin bayani sai a kawo cikakkiyar.

Mai buɗe zance:

Na karɓa. Ga yadda jimlar ta koma a daftarin: "Tashoshin gari masu cin gashin kansu, wato waɗanda ba su jingina da wata uwar tashoshi ba, su ne suka riƙa nuna zane-zane masu motsi na dauri safe da yamma." Zan sake buƙatar kalmomin a sakin layi na ƙarshe, inda ake bayanin MeTV Toons, tashar da kamfanin Weigel na Chikago ya buɗe a watan Yunin 2024 don nuna waɗannan finafinai ga duk mai eriya ba tare da biyan kuɗi ba. A can ne zan gwada "katun na dauri" a ƙaramin kanu, in karanta wa mutanen gidanmu da ƙarfi in ji ko za su tsayar da ni. Allah ya saka da alheri, Malam, Allah ya ƙara lafiya.