Koyar da zane da ƙere-ƙere a makarantar da ba ta da ɗakin aiki

Malama daga Agege:

Assalamu alaikum. Ina koyarwa a wata makaranta mai zaman kanta a Agege, kuma a wannan zangon an damƙa mini darasin zane da na fasahar ƙere-ƙere na aji ɗaya da aji biyu na ƙaramar sakandare. Makarantar ba ta da ɗakin aiki, ba ta da zarto ko guduma, darasin kuma minti 40 ne, shi ya sa yawanci nake ƙarewa da rubutu a allo yara suna kwafa. Ban da wannan, wasu iyaye sun nuna ba sa son 'ya'yansu su zana mutum ko dabba, wasu kuma suna ɗaukar darasin a matsayin wasa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a wannan aiki.

Tsohon malami, Idi-Araba:

Wa alaikumus salam, Malama. Matsalarki ta girme ki. Lokacin da aka fara tsarin karatu na 6-3-3-4 a shekarun 1980, gwamnati ta shigo da injunan koyar da sana'a daga ƙasashen waje, amma da yawa daga cikinsu sun yi tsatsa a cikin akwatunansu saboda rashin wutar lantarki da rashin malaman da suka san yadda ake tayar da su. Abin da na fahimta daga wancan zamani shi ne yaro ya fi buƙatar iya awo fiye da ganin inji.

Ki fara da kwali, wanda ba ya wuyar samu a kowace kasuwa a Legas. Ki sa kowane yaro ya zana shimfiɗar akwati a takarda da rula da fensir, ya rubuta tsawo da faɗi da santimita, sannan ya mayar da zanen kan kwali, ya yanke, ya naɗe, ya manne. Idan murfin bai zauna ba, kada ki gyara masa, ki bar shi ya koma kan zanensa ya gano inda awon ya kauce, domin a wannan komawar ce darasin yake. Aiki ɗaya irin wannan zai ci makonni uku: mako na zane, mako na yanka, mako na gyara da bayani a gaban aji. Ki riƙe reza a hannunki ke kaɗai, yara su yi amfani da almakashi.

Daga baya kina iya kawo batir da waya da ƙaramin ƙwan fitila, su ga da idonsu cewa wuta ba ta kamawa sai layin ya zagayo ya haɗe.

Mai ɗinkin hula, Obalende:

Malama, ni ba malamin boko ba ne, amma batun zanen mutum da dabba bai kamata ya tsayar da ke ba, domin gadonmu na zane ya ginu ne a kan layi da kusurwa da maimaita siffa. Ki duba zayyanar da ake yi wa allon mai saukar Alƙur'ani, da dagi da ake yi a fuskar gidajen Kano da Zariya, da aikin aska takwas a gaban babbar riga. Kafin allura ta taɓa yadi sai an fitar da zanen, an raba fili daidai, an tabbatar ɓangaren dama ya yi daidai da na hagu. Ki aro hula biyu ko uku, ki ajiye a gaban yara, ki ce su gano siffar da ake maimaitawa su fitar da ita a takarda mai gida-gida. Uban da ya ga ɗansa ya dawo da zanen hula ba zai ce an ɓata masa tarbiyya ba, wataƙila ma ya ɗauko tasa hular ya ba shi.

Mahaifin ɗalibai, Mile 12:

Na yarda da shawarwarin nan, sai dai ina roƙon malamai su riƙa tuna aljihun iyaye. An taɓa aiko mini da jerin kayan aikin rini har da soda, wadda take ƙona fata, aka ce yarinya ta yi a gida, ƙarshenta mahaifiyarta ce ta yi aikin aka ba yarinyar maki. Duk abin da za a ba maki a kansa, a yi shi a aji a gaban malama.

Tsohon malami, Idi-Araba:

Alhaji ya faɗi gaskiya, kuma aikin gida irin wannan ba ya auna komai. Game da masu ganin darasin wasa ne, Malama, ki fitar da takardar naira 20 ki nuna wa yara hoton Ladi Kwali, maginiyar tukwane wadda ta koyi sana'ar a ƙauyensu kafin ta shiga cibiyar tukwane ta Abuja ta da, wato Suleja ta yau, a 1954. A nan Legas kuma mai zane Aina Onabolu ya koyar da zane a makarantu a shekarun 1920. Idan hukumar makaranta ta amince da fita sau ɗaya a shekara, Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Onikan, wanda aka buɗe a 1957, ya isa, ko da yake cunkoson hanya daga Agege zai sa ku yi sammako.

Malama daga Agege:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na riga na yi magana da wani mai shago kusa da mu zai riƙa tara mini kwali, kuma zan fara da akwatin a mako mai zuwa. Baba mai ɗinkin hula, idan babu takura, ina so a sanar da ni ko takarda mai gida-gida ta littafin lissafi za ta wadatar wajen fitar da zanen, ko kuwa sai an nemi mai ƙananan gidaje.