Neman Kalmar Hausa: Wane Suna Ya Dace da Ma'aunin Albarushin da Ba a Ƙetarewa?

'Yan uwa masu fassara da masu rubutu, ga wata kalma da ya kamata mu tsayar da magana a kanta. A Amurka da wasu ƙasashen Turai, maharba da masu gasar harbi da yawa ba sa jefar da kwanson harsashi bayan sun harba, sai su tsabtace shi, su sa sabon abin tada wuta a gindinsa, su auna albarushi su zuba, sannan su dasa sabon kan harsashi. Ga wannan aiki ina ganin "ɗurin hannu" ya wadatar, tun da Bahaushe ya daɗe yana cewa ya ɗura bindiga. Inda wahala take shi ne abin da suke kira maximum load, wato mafi yawan albarushin da aka gwada aka tabbatar bindiga za ta iya ɗauka ba tare da haɗari ba.

Wasu sun kawo shawarar "cikakken ɗuri", ni kuwa ban yarda da ita ba ko kaɗan. A kunnen Bahaushe abin da ya cika shi ne mai kyau, wanda bai cika ba kuwa ragagge ne, don haka mai karatu zai ɗauka cewa nan ake so ya kai, ko ma ya fahimci cewa ana cika kwanson har baki. Wannan fahimta tana iya raba mutum da yatsunsa ko idonsa. Harsashin libarba mai suna .38 Special ya fito ne a ƙarshen ƙarni na 19 domin baƙin albarushi, shi ya sa kwansonsa yake da zurfi, amma albarushi marar hayaƙi mai saurin ci da ake zuba masa yanzu kaɗan ne ƙwarai, yana kwanciya can ƙasa, har mutum zai iya zubawa sau biyu bisa kuskure ido bai nuna masa ba. Wannan ninkin ɗuri yana daga cikin manyan dalilan fashewar libarba a hannun masu ɗurin hannu.

Shawarata ita ce "iyakar ɗuri". Iyaka wuri ne da ake tsayawa, kuma kowa ya san ƙetare ta laifi ne. Ma'anar da ake nema ke nan, domin wannan adadi ba a ƙagarsa da ka. Kamfanonin albarushi irin su Hodgdon suna gwada shi da na'urar auna matsi, bisa ƙa'idojin ƙungiyar SAAMI da aka kafa a Amurka a 1926, ko na hukumar CIP ta ƙasashen Turai da ta samo asali a 1914. SAAMI ta tsayar da matsin .38 Special a laba 17,000 kan kowane murabba'in inci, na wani harsashin libarba mai suna .357 Magnum kuwa 35,000, alhali kaurin kan harsashin nasu ɗaya ne. Kowace iyakar ɗuri kuma ta wani irin albarushi ce da wani nauyin harsashi takamaimai. Idan ɗaya ya canza, ta daina aiki.

Daga nan sunan abokin tafiyarta ya fito da kansa, wato "mafarin ɗuri", adadin da ake farawa da shi, wanda galibi yake ƙasa da iyaka da kimanin kashi 10 cikin 100, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan ana duba alamun matsi, kamar kwanso ya maƙale ya ƙi fita ko gindinsa ya baje.

Akwai kalma ta biyu da take damuna fiye da ta farko, ita ce ma'aunin nauyin da suke kira grain. Kada mu kuskura mu ce "ƙwaya", domin mai karatu zai zaci ƙwayoyin albarushi ake ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya, alhali nauyi ne da bai kai miligiram 65 ba, guda 7,000 ne suke yin laba ɗaya. Gara mu are ta mu rubuta "giren", baƙuwar kalmar da za ta tilasta wa mutum ya tambaya.

Haka kuma dole a riƙa bambanta "baƙin albarushi" da "albarushi marar hayaƙi", wanda Paul Vieille ya samar a Faransa a 1884. Maharbanmu masu bindigar toka da na farkon suka saba, suna aunawa da cikin mazubi, na biyun kuwa ko kaɗan aka zuba a irin wannan bindiga yana iya tarwatsa bututunta. Ina jiran ra'ayin masana, musamman ko "haddin ɗuri" zai fi "iyakar ɗuri" nauyi a kunnen mutanen Damagaram da Sakkwato.