Wane kwanson tagulla ne ya fi jure sake ɗurawa?

Ɗan Baka:
Assalamu alaikum. Ina da bindigar farauta mai cin .308 Winchester, kuma na soma sake ɗura harsashi da kaina. Kwanson da nake aiki da shi, wato ɓawon tagullar harsashi da ake zuba albarushi a ciki, haɗe-haɗe ne na kamfanoni daban-daban, kuma a ɗuri na huɗu na tarar wuyan guda bakwai cikin hamsin ya tsage. Shin in sayi na Lapua ko Norma duk da tsadarsu, ko kuwa laifin daga hannuna yake?

Malam Maharbi:
Wa alaikumus salam. Lapua na ƙasar Finlan da Norma na Suwidin sun yi suna ne saboda daidaiton kauri da nauyi, kuma idan kana da hali ba za ka yi da-na-sani ba. Sai dai tsagewar wuya ba ta barin kowane kamfani. Tagullar kwanso haɗi ce ta jan ƙarfe kashi 70 da tutiya kashi 30, kuma duk lokacin da ta buɗe wajen harbi sannan aka sake matse ta, ƙara tauri take yi, har ta kai inda za ta gwammace ta tsage da ta miƙe. Maganinsa shi ne a riƙa gasa wuya da kafaɗa bayan 'yan ɗure-ɗure domin su yi laushi, amma kada zafin ya kai gindin kwanso, don can ake bukatar taurin. Wanda gindinsa ya sha wuta ya tashi daga aiki. Ka kuma daina cakuɗa kamfanoni, domin faɗin ciki ya bambanta, kuma ma'aunin albarushi ɗaya a cikin kwanso mai ƙaramin ciki yana haifar da matsi mafi yawa.

Baba Gwani:
Abin da Malam ya faɗa haka yake, amma ni tsagewar wuya ba ta tayar mini da hankali kamar rabuwar gindi. Na taɓa jan sakata bayan harbi, gindin kaɗai ya fito, sauran kwanson ya maƙale a ciki, kuma da na bincika sai na gane ina tura kafaɗa baya fiye da kima wajen matsewa, har bangon yana miƙewa yana sirancewa a kowane harbi. A bindiga mai sakata, tura kafaɗa baya da inci 0.002 ya wadatar. Kafin kowane ɗuri, ka duba ko akwai zobe mai sheƙi sama kaɗan da gindi, sannan ka lanƙwasa bakin siririyar waya ka zura ciki kana kankarar bangon a hankali. Idan ka ji ta faɗa wani ɗan kwari, ka jefar da kwanson ba tare da jayayya ba. Haka nan idan firama, wato ɗan ƙarfen da ke kunna albarushi, ta shiga gurbinta ba tare da ka ji turjiya ba, gurbin ya saki, kuma yawanci matsi mai yawa ne ya jawo hakan. Tsawon kwanson .308 kada ya wuce inci 2.015.

Ɗan Baka:
Na gode, Baba. Wani ya yi mini tayin kwanson soja da aka harba sau ɗaya, ko ya dace?

Malam Maharbi:
Ka haska cikinsa tukuna. Rami ɗaya a tsakiyar gindi alamar firama nau'in Boxer ce, wadda ake sake ɗurawa cikin sauƙi; ramuka biyu alamar nau'in Berdan ce, wadda kan karya allurar cire firama. Na soja mai 7.62, wato takwaran .308 a wajen soja, galibi ya fi kauri, don haka sai ka koma ma'auni mafi ƙanƙanta na littafin ɗuri ka faro daga can. Wajen wankewa kuma ka nisanci duk man goge ƙarfe mai amoniya, domin tana sa tagulla ta tsage ko da tana ajiye.